Makunnin Ƙarƙashin Sirdi

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka daga Legas, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya tsare ku a gida, ya tsare ku a gona, ya tsare ku a kan hanya. Direban da ya sauke mana tumatir daga Kadawa shi zai kawo maka ita. Ka ba shi ruwa ya sha, mutumin kirki ne.

Na yi magana da mahaifiyarka a waya. Ta ce kawunka ya ba ka babur, bayan babbar sallah za ka shiga Kano ka fara acaɓa. Na yi murna, Allah ya sa albarka. Sai kuma ta ƙara da wata magana tana dariya. Ta ce ka kai babur ɗin wajen mai wayarin a Kura an jera masa 'yan fitilun nan na Chana masu kamar ƙwayar shinkafa, shuɗi da kore da ja, gaba da baya, in ka kunna har kajin gidan watsewa suke yi. Wai ka ce mata so kake ya zama irin na Baba. Ita abin dariya ya ba ta. Ni kuwa na miƙa wa yarinyar da ke hayar waya wayarta, na samu benci na zauna.

Maganar nan ba ta waya ba ce. A waya mutum yana magana yana kallon minti, kuma ni bakina ba zai iya faɗar ta ba. Shi ya sa na sayi biro. Ka karanta kai kaɗai, ka karanta har ƙarshe, ko da ranka zai ɓaci da ni.

Babur ɗin da kake tunawa, lokacin kana ƙarami na saye shi, da kuɗin tumatirin wani rani da Allah ya yi mana buɗi. Aikina a lokacin ɗaukar kwanduna daga gonakin cikin kanal, magudanar ruwan noman rani, zuwa bakin titin Zariya inda manyan motoci ke lodi. Aiki ne mai rufin asiri. Manoma sun san ni, tun da safe ake aiko yaro ko a tsaya a ƙofar gida a ce, "Sabitu, yau ina da kaya." Babur ɗin ya zo da duk abin da yake buƙata: farar fitila a gaba, ja a baya mai ƙara haske in ka taka birki, da sigina guda biyu-biyu ruwan goro. Babu abin da ya rage masa. Ni ne dai wani abu ya rage wa.

Wata Juma'a a Garun Mallam na ga wani saurayi ɗan birni ya zo da nasa yana ta walwali kamar kantin sayar da rediyo, mutane sun kewaye shi. Ni da furfura ta fara fito min a gemu, na tsaya cikin yara ina kallo da baki buɗe. Ba a yi mako ba na kai nawa. Na ce da mai wayarin ya yi min wanda ya fi na ɗan birnin nan. Ya yi kuwa. Ya zagaye fitilar baya da igiyar 'yan fitilu masu canza launi, ya haɗa siginonin da wani ɗan akwati, da ka tayar da inji sai hagu da dama su kama ƙiftawa bi da bi ba tsayawa. A gaba ya sa min shuɗi da ja masu wulgawa irin na motar jami'an tsaro.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba kyan ne ya fi yi min daɗi ba. Da magariba in na hau hanyar bakin kanal, mutane daga nesa sai su ɗauka hukuma ce tafe. Mata masu dawowa daga tsinkar tumatir su gangara gefe da kwanukansu, masu keke su sauka su tsaya, tsofaffi su manne da ciyawa. Sai na iso a ga ashe Sabitu ne da kwanduna. Ni kuma in wuce ina danna hon, ƙirjina a buɗe. Mutumin da bai taɓa riƙe ko sarautar samari ba, ga shi ana kauce masa. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka fito. Nafi'u, in ka ji kana jin daɗin mutane su tsorata da kai a hanya, ka tsaya ka binciki zuciyarka. Girman da fitila ta ba ka, da ka kashe inji ya tafi, sai a bar ka da mutanen da ka tura cikin ƙaya suna tuna fuskarka.

Ba a daɗe ba ma'aikatan da ke duba ababen hawa suka tare ni a titin Zariya. Ka san ba na yabon mutanen nan haka kawai. Na ga waɗanda in sun tare ka aljihunka suke dubawa, ba taya ba. A nan Legas ma kullum ina gani, har na gaji da gani. Amma wanda ya tare ni ran nan bai nemi komai a wurina ba, kuma gaskiya ya faɗa. Wani dogo ne mai tsagen Barebari. Ya zagaya babur ɗin a hankali, ya ce, "Malam, biki ake yi a gidanku?"

Na ce, "A'a, yallaɓai, ɗan ado ne kawai."

Ya ce, "To taka birki in gani."

Na taka. Ya tsaya a baya yana kallo, ya ce, "Ka taka?" Na ce na taka. Ya ce, "Ni dai ban ga abin da ya canza ba. Sa siginar hagu." Na sa. Ya ce, "Hagu da dama duk suna rawa. Ina za ka, gabas ko yamma?" Abokan aikinsa suka yi dariya, ni ma na yi irin dariyar da mutum ke yi in an kama shi.

Sai ya daina wasa. Ya ce doka ba ta hana mutum son abinsa ba, amma gaba fari ne, baya ja ne, sigina ruwan goro ce kuma gefe ɗaya take ƙiftawa. Shuɗi da ja masu wulgawa kuwa na masu jiniya ne, ba na mai ɗaukar tumatir ba. Ya ce, "Fitilar bayan nan ba taka ba ce, Malam. Kai ko ganinta ba ka yi. Ta wanda ke biye da kai ce." Ya ce in cire a nan take ko su tafi da babur ɗin ofis. Na roƙe shi, na ce kayan mutane ne a kaina za su lalace, na rantse masa da Allah cewa kafin rana ta faɗi zan cire. Ya dube ni ya ce, "Ka fa rantse." Ya sake ni.

Ka san abin da na yi? Na sauke kayan, na wuce kai tsaye wajen mai wayarin, na ce ya sa min makunni a ɓoye a ƙarƙashin sirdi. In na zura yatsa na danna, adon duka ya mutu, fitilun asali su dawo aikinsu lafiya lau. In na sake dannawa, biki ya tashi. Daga ran nan in na hango ma'aikatan a titi sai in danna, in wuce ina gaishe su kamar mutumin kirki. Da na sauka hanyar ƙasa sai in mayar. Har alfahari nake yi da dabarar a majalisa. Na nuna wa abokai, ciki har da Baba Haladu maƙwabcinmu, wanda a lokacin shi ma kwanduna yake ɗauka da nasa babur ɗin. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai Sabitu, wayonka ya fi ƙarfin aikinka."

Wannan shi ne na biyu, kuma ya fi na farko muni, domin na rantse da sunan Allah a kan abin da na san ba zan yi ba. In ma'aikaci ya tare ka a kan gaskiya, ka gyara. In ya tare ka a kan zalunci, ka yi haƙuri ka rabu da shi lafiya, Allah na nan. Amma kada ka mayar da dokar hanya wasan ɓuya tsakaninka da mai kaki. Mai kaki zai tashi daga aiki ya tafi gidansa. Waɗanda za ka yi ta gogayya da su a titi har dare, su ba su da kaki, kuma saboda su aka yi dokar.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kai ka taso ka ga Baba Haladu yana jan ƙafa, yana zaune a tebur ɗinsa a bakin kwalbati yana sayar da fetur a kwalba. An gaya maka faɗuwa ya yi da babur. Ba a yi maka ƙarya ba, amma ba a gaya maka duka ba. Lokacin kana Madobi wajen kakarka.

Tsakiyar kakar tumatir ce, kaya sun yi yawa, motoci na jira. Mun ɗauko lodin ƙarshe daga gona ɗaya ni da shi, an idar da sallar magariba, gari ya fara rufewa. Ka san hanyar bakin kanal: ruwa a dama, gangaren gona a hagu, faɗinta bai wuce na amalanke ba. Ina gaba yana biye, kowa da kwanduna a ɗaure a kariyar bayan babur. Fitiluna na ta rawarsu. Da muka kusa ƙaramar gadar nan da ake karyawa hagu, sai na hango shanun Fulani sun fara hawowa daga mashaya. Na taka birki da ƙarfi. Na sa sigina ma, wallahi na sa, yatsana ya yi aikinsa. Amma me Haladu zai gani? Tun daga gona abin da ke gabansa shuɗi, kore, ja, shuɗi, kore, ja. Bai san na tsaya ba sai da ya zo dab da ni. Da ya buge ni, da ni ne zan faɗa ruwa. Sai ya karkatar da kan babur ɗinsa. Ya bugi bakin siminti, babur da kaya suka danne shi a gefen kanal.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Tumatirina ko ɗaya bai fashe ba.

Makiyayan nan ne suka taya ni ɗaga babur ɗin daga kansa. Ƙashin cinya ya karye, ƙugu ya goce. Aka kai shi wajen mai ɗori, daga baya asibiti, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma bai sake hawa babur da kansa ba.

'Yan'uwansa suka kai magana gaban mai unguwa. Ba su nemi a ɗaure ni ba, so suke a san yadda abin ya faru. Aka taru a ƙofar gidansa da hantsi, aka ce in zo da babur ɗin. Haladu na kwance a gida, ba ya wurin. Mai unguwa ya ce, "Sabitu, an ce fitilarka ce ta ruɗe shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga babur nan, a duba."

Ina jingina shi na zura yatsa ƙarƙashin sirdi na danna. Na tayar da inji. Na taka birki, ja ta kama tsaf. Na sa hagu, hagu ta ƙifta ita kaɗai. Na sa dama, haka. Na ce adon nan ai sai ran sallah nake kunna shi. Na ce Haladu ne ya matso ni da yawa, ga kaya sun yi masa nauyi.

Babu mutum ɗaya a taron nan da bai taɓa kauce wa fitiluna a bakin kanal ba. Shi kansa mai unguwa na taɓa sa shi ya sauka daga kekensa. Ya dube ni ya ce, "To, tunda haka ka ce. Tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba." Aka shafa fatiha aka tashi. Na tura babur ɗina na tafi ina ganin na tsira.

Bayan kwana biyu na je duba Haladu, domin rashin zuwan zai fi zama abin magana. Na same shi a zaure a kan katifa, an ɗaure ƙafar da karare. Na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, har ya sa aka kawo min kunu. Can ya ce, "Mutumina, an ce shekaranjiya fitilunka sun yi hankali a gaban mai unguwa."

Na ce, "Haladu..."

Ya ce, "A'a, sha kununka. Ni ba ƙara zan ɗaukaka ba, abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru. Abu ɗaya ne dai ya tsaya min. Ashe yatsan nan naka yana kaiwa wurin da sauri haka. Da ka kai shi tun muna gona, ai da ba mu wahalar da dattawa ba."

Ya koma tambayata farashin kwando a bakin titi. Na kasa shanye kunun, na kasa ajiyewa.

Ba wanda ya kore ni daga garinmu, kada ka taɓa yarda a ce maka an kore ni. Ba wanda ya zage ni. Abin da ya faru, sallama aka daina yi a ƙofar gidana da safe. In na je gona neman kaya sai a ce, "Ayya Sabitu, mun riga mun yi da wani." A masallaci ana ba ni hannu, amma ba a riƙewa. Na cire fitilun duka na zuba a masai, ba wanda ya ce min sannu, kuma ba su yi laifi ba. Rani bai ƙare ba na sayar da babur ɗin na biyo motar tumatir. Na ce da ku kasuwa ce ta kira ni. Yau ga ni ina sauke kwandunan garinmu a kaina a garin da ba wanda ya san sunan ubana, ina kwana a rumfa da mutum goma sha, ruwan sama na dukan kwano har cikin watan da a gida ake shanya. Wani lokaci ina ɗaga kwando in gane ɗaurin wane ne. Ina jin haushin garin nan, ina jin haushin masu shigo da tarkacen fitilun nan suna sayar wa yara, amma in na zauna na yi lissafi na gaskiya, ba su suka zura yatsa ƙarƙashin sirdi ba.

Na uku kenan, kuma shi ne wanda ya raba ni da gida. Haɗari kowa na iya yi. Da na tsaya a gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, fitilata ce," da an yi min faɗa, da an ɗora min jinya, da yanzu ina Kura ina cin tuwon mahaifiyarka. Idan Allah ya jarrabe ka da laifi a hanya, ka tsaya, ka sauka, ka ɗauki wanda ya faɗi, ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ko da a gaban wa. Zafin wannan na kwana kaɗan ne. Ɗayan kuwa ni ne shaida, ba ya ƙarewa.

Kano ba bakin kanal ba ce. A can wanda ke biye da kai ba maƙwabcinka ba ne da zai zaɓi ya faɗi don kada ya buge ka. Direban bas ne da ya gaji, ko tirela da birkinta sai an yi mata nisa. Kuma a bayanka ba kwando za ka ɗauka ba, matar wani ce da goyo, ko tsoho mai zuwa asibiti. Saboda haka ka koma wajen mai wayarin kafin ka bar gida. Ya cire komai, ya mayar da wayoyin yadda kamfani ya yi su. Kada ka yarda ya ce zai sa maka makunni, zai ce maka kowa haka yake yi. In fitilar gaba ba ta yi maka haske sosai ba, ka sa fara mai kyau, a saita ta tana kallon ƙasa, kada ta shiga idon mai tahowa. Kwan sigina in ya mutu ka canza shi a ranar, da irin launinsa. In ado kake so, ka wanke babur ɗin, ka sa masa shimfiɗa mai kyau a sirdi, ka rubuta addu'a a bayan lamba in ka ga dama. Ba na hana ka ƙuruciya. Ni da na yi tawa da furfura ba ni da bakin hanawa.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Idan an gama cirewa, ran Juma'ar ƙarshe kafin ka tafi, ka tura babur ɗin har teburin Baba Haladu. Ka durƙusa ka gaishe shi. Ka ce masa ni na aiko ka, kuma na faɗa maka komai, har makunnin. Ka faɗi kalmar, kada ka tsallake ta don kunyata. In akwai mutane a wurin kada ka jira su tashi, a gaban mutane na yi ƙaryar. Sannan ka roƙe shi ya bari ka kai shi masallaci. Zai zagaya babur ɗin da sandarsa, zai ce ka taka birki, na san halinsa. In ya ƙi hawa, kada ka yi musu, ka yi masa godiya ka tafi, yana da hakki. In kuwa ya hau, ka tuƙa a hankali, ka kauce wa ramuka saboda ƙugunsa. Kuma ka aiko min da amsa ta hannun direban nan, ko kalma ɗaya ce, ya hau ko bai hau ba. Da ita zan san ko zan iya zuwa gida da azumi.

Allah ya yi maka albarka, Nafi'u. Allah ya kiyaye gabanka da bayanka, ya kiyaye wanda ka ɗauka da wanda ke biye da kai. Allah ya haɗa ka da fasinja na gari, ya raba ka da abokin da zai yaba maka wauta. Ya kai ka lafiya, ya dawo da kai ga mahaifiyarka da ƙafafunka biyu. Ka gaishe ta, ka ce mata na gode da dariyar da ta yi, ba don ita ba da ban ji ba. Ka gaida ƙannenka da kawunka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sabitu